Ɗan Ba-Ruwanmu a Cikin Ƙwayar Zarra

A ƙarshen shekarar 2018 wani labari ya faɗo teburina a ɗakin labarai, saura ƙasa da awa ɗaya a shiga situdiyo. Da Turanci ya zo, aikina kuwa in mayar da shi Hausa. Abin da ya ƙunsa shi ne an kwashe wani yuraniyam mai ƙarfi, kimanin kilo ɗaya, daga tukunyar nukiliya da ke Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, an mayar da shi ƙasar Sin inda aka ƙera tukunyar, an kuma maye gurbinsa da mai rauni wanda ba ya yin makami. A sakin layi na uku aka bayyana cewa tukunyar ba ta ba da wutar lantarki, aikinta samar da niyutiron ne domin bincike. A nan alƙalamina ya cije. Na dubi agogo, na dubi kalmar, sai na rubuta "sinadaran bincike" na wuce. Edita bai ce uffan ba, mai karanta labarai ya karanta da muryarsa mai daɗi, kowa ya kama gabansa.

Bayan sallar isha kawuna ya kira ni daga Zariya. "Ɗana," in ji shi, "na ji gidanku sun ce akwai nukiliya a garin nan. Ashe shekara da shekaru muna kwana kusa da bam?" Na ce, "A'a Kawu, ba bam ba ne, ta bincike ce." Ya ce, "Binciken me?" Na yi shiru na ɗan lokaci, sannan na ɗora wa sabis laifi.

Abin ya tsaya mini a rai tsawon makonni. Ba aibi ba ne ɗan jarida ya jahilci wani abu, kullum ma cikin haka muke. Abin da na aikata ya wuce nan: na lulluɓe jahilcina da kalma mai santsi, na miƙa wa dubban mutane, cikinsu har da dattijon da ya kwana da fargaba. Wannan rubutu bashin wancan dare ne nake biya.

Iyakar sanina da niyutiron a lokacin layi ɗaya ne a kan allo, tun muna ƙaramar sakandare, kafin a ware ni zuwa ajin adabi. Malamin kimiyya ya rubuta mana cewa ƙwayar zarra, wato mafi ƙanƙantar ɓangaren kowane sinadari, tana da 'ya'ya uku. Furoton yana da caji mai alamar ƙari, ilektiron yana da mai alamar ragi, kamar kawunan batir biyu. A gaban niyutiron kuwa sai ya zana sifili. Na haddace, na ci jarrabawa, na kuma ɗauka cewa wanda aka bai wa sifili cikon benci ne kawai.

Caji shi ne ke gudanar da kusan duk abin da muke taɓawa. Masu caji iri ɗaya suna tunkuɗe juna, mabambanta suna jan juna, kuma wannan ja da tunkuɗar su ne dalilin da gishiri ke narkewa a ruwa, su ne kuma dalilin da hannunka ba ya ratsa tebur. Na'urorin masana fiziks ma da caji suke gani. Idan ƙwaya mai caji ta ratsa iska, tana fizgar ilektiron daga zarrar da ke kan hanyarta, sai ta bar sawu, tamkar babur a kan hanyar burji da rani, ƙura na bin bayansa. Wanda ba shi da caji kuwa ba ya tayar da ƙura. Yana iya wucewa ta gaban na'ura mafi tsada, na'urar ta rantse babu wanda ya gifta.

To ta yaya aka san da shi? Ta lissafin da ya ƙi daidaita. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan dukkan nauyin zarra yana tattare a wata 'yar cibiya a tsakiyarta. In da cibiyar za ta kai ƙwayar gero, da faɗin zarrar ya kai filin ƙwallo. Da aka auna cibiyoyin sai aka ga abin ɗaure kai. Cibiyar hiliyam tana da cajin furoton biyu, amma nauyinta na huɗu ne. Ta naitirojin cajin bakwai gare ta, nauyinta na goma sha huɗu. Kamar buhun da aka ce mudu bakwai aka zuba, sikeli kuma ya nuna nauyin goma sha huɗu. A 1920 Rutherford ya yi hasashen cewa akwai wata ƙwaya mai nauyin furoton wadda ba ta da caji. Mataimakinsa a ɗakin bincike na Cavendish da ke Kambirij, James Chadwick, ya shafe fiye da shekara goma yana nemanta a kai a kai bai samu ba. Mutum ne da ya saba da jira: ya je karatu Jamus yaƙin duniya na farko ya rutsa da shi, ya yi shekara huɗu a tsare a sansanin Ruhleben, inda aka mayar da bargar dawaki ɗakunan kwana.

A 1930 wasu Jamusawa biyu, Walther Bothe da Herbert Becker, suka harbi ƙarfen beriliyam da ƙwayoyin alfa, sai wani tiriri ya fito mai ratsa dalma fiye da yadda aka saba gani. Tun da ba shi da caji, suka ce ai hasken gamma ne, wani nau'in haske mai ƙarfi da aka riga aka sani. A watan Janairun 1932, a birnin Faris, Irène Curie da mijinta Frédéric Joliot suka sa kakin kyandir a gaban tiririn, suka ga yana fatattako furoton daga cikin kakin da gudu mai tsanani. Suka wallafa sakamakon, su ma suka ce gamma ne.

A matsayina na ɗan jarida, su biyun nan nake tausaya wa a duk labarin. Sun je wurin, sun gani da idonsu, awonsu daidai ne, rahotonsu babu ƙarya. Kanun ne suka kuskure, saboda sun kira sabon abu da sunan wanda suka sani. Na san wannan jarabawa sarai, ita ce ta haifi "sinadaran bincike".

Chadwick ya karanta rahoton bai gamsu ba, kuma abin da ya yi duk wanda aka koya wa tantance labari zai gane shi: ya nemi majiya ta biyu. Ya auna yadda tiririn ke ture cibiyar haidirojin mai sauƙi, ya kuma auna yadda yake ture cibiyar naitirojin mai nauyi. In aka ɗauka gamma ne, awon farko yana ba da wani ƙarfi, na biyu yana ba da wani dabam, shaidu biyu sun saɓa ke nan. In kuwa aka ɗauka wata ƙwaya ce mai nauyin furoton ba tare da caji ba, awon biyu suna haɗuwa a kan amsa ɗaya. Wanda ya taɓa kallon wasan sunuka ya san cewa ƙwallo yana miƙa wa takwaransa mai nauyi ɗaya kusan dukkan gudunsa in ya doke shi sosai, amma in ya doki abin da ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, ɗan motsi kaɗan zai sa shi. Daga gudun waɗanda aka doka Chadwick ya gano nauyin wanda ya doke su. Aikin ya ɗauke shi kusan mako biyu, wasiƙarsa ta fito a mujallar Nature ranar 27 ga Fabrairun 1932, ya kuma karɓi lambar yabo ta Nobel a 1935. Bai ga niyutiron ba, har yau ma babu wanda ya gan shi kai tsaye. Waɗanda ya ture ake gani.

Sai ga shi cikon bencin nan shi ne kusan rabin nauyin jikinka. Mutum mai kilo 70 yana ɗauke da fiye da kilo 30 na niyutiron. Ba don shi ba ma da cibiyoyin sun tarwatse, domin furoton da furoton ba sa ga maciji. Niyutiron yana ƙara ƙarfin da ke ɗaure cibiya ba tare da ya ƙara tunkuɗar ba.

Rashin cajin da ya ɓoye shi tsawon shekaru shi ne kuma ya buɗe masa ƙofa. Cibiya tana korar duk mai cajin ƙari da ya doso ta, kuma gwargwadon nauyinta gwargwadon tsananin korar. Niyutiron kuwa babu mai gadin da ya san da zuwansa. Enrico Fermi a birnin Rum ya riƙa harbin sinadarai da shi ɗaya bayan ɗaya, a watan Oktoban 1934 kuma ya gano abin da ya saɓa wa tunani: in aka rage masa gudu ta hanyar ratsa ruwa ko kaki, ya fi saurin shigewa cikin cibiya. Daga nan al'amura suka yi gudu. A Disamban 1938 Otto Hahn da Fritz Strassmann suka harbi yuraniyam suka tarar da bariyam, sinadarin da nauyinsa bai wuce rabin na yuraniyam da kaɗan ba. Lise Meitner, wadda ta tsere daga Jamus ta Hitler watanni kaɗan kafin nan, ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka fassara abin: cibiyar ce ta rabe biyu. Kowace rabuwa tana sakin makamashi da sababbin niyutiron biyu ko uku, su ma su je su raba wasu. Ranar 2 ga Disamban 1942 Fermi ya kunna tukunyar nukiliya ta farko a Chicago. Ranar 6 ga Agustan 1945 aka jefa bam a Hiroshima. Tsakanin wasiƙar Chadwick da wannan safiya shekara goma sha uku ne kacal, shi da kansa kuma ya jagoranci tawagar Birtaniya a aikin ƙera bam ɗin.

A nan amsar Kawu take. Yuraniyam ɗin da ake haƙowa, irin wanda aka fara fitarwa daga Arlit a Nijar a 1971, bakwai cikin dubu ne kawai na zarrarsa ke rabewa cikin sauƙi. Sai an tace shi an ƙara yawan wannan nau'in, kuma in tacewar ta yi nisa sosai yana iya zama makami. Na Zariya na farko an tace shi har kusan kashi 90 cikin ɗari, shi ya sa duniya ta damu da shi, gudun kada ya faɗa hannun da bai dace ba. Amma kilo ɗaya bai isa bam ba; na Hiroshima ya ci kimanin kilo 64. Wanda aka sa yanzu bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Tukunyar, wadda ta fara aiki a 2004, ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne, zafin dutsen guga talatin a kunne lokaci guda. Abin da ake yi da ita shi ne a sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi a cikin 'yar kwalba a tura shi ciki. Cibiyoyin samfurin su haɗiyi niyutiron, su rikice, su fara fitar da hasken gamma, kowane sinadari da irin nasa, kamar sa hannu. Da haka ake gane abin da ke cikin samfurin ko da kashi ɗaya ne cikin miliyan, zinariya ce ko guba.

Da na kai wa Kawu wannan bayani a wata ziyarar sallah, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, madalla. Amma da ka faɗa tun ranar." Ban da abin cewa.

Akwai ma wani aikin da niyutiron ya yi mana ba tare da tukunya ba. Can a saman sararin samaniya, tiririn da ke zuwa daga wajen duniya yana farfasa zarrar iska ya saki niyutiron, su kuma su shige cibiyar naitirojin su mayar da ita kabon-14. Tsirrai suna shaƙar sa muddin suna raye, in sun mutu ya fara raguwa, rabinsa a duk shekara 5,730. Da wannan ma'auni aka gano cewa kwalekwalen da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya kai kimanin shekara dubu takwas.

Abin da ya fi tsaya mini a duk karatun nan shi ne cewa sifilin da malaminmu ya zana jimla ce. A cikin niyutiron akwai wasu ƙananan ƙwayoyi uku da ake kira kwak. Ɗaya yana da cajin ƙari na kashi biyu bisa uku, biyun kuma kowanne yana da cajin ragi na kashi ɗaya bisa uku. In ka haɗa sai su ba da sifili, amma cajin yana nan yana kai-komo, har ya sa niyutiron yake aiki kamar ɗan ƙaramin maganaɗisu, abin da aka auna tun 1940. A jami'a an koya mana cewa ɗan jarida ɗan ba-ruwanmu ne, na kuma daɗe ina fahimtar haka da ma'anar a zama fanko, babu ra'ayi babu gida. Shekarun aiki sun nuna mini cewa abokan aikina da suka fi adalci suna da ra'ayoyi masu zafi, sai dai sun san nauyin kowanne, suna kuma auna su kafin su rubuta. Ba zan ja wannan kwatanci da nisa ba, kwak ba su san da aikin jarida ba. Na dai ji sanyi da na ga cewa ko a fiziks ɗan ba-ruwanmu yana da abin da ke cikinsa.

Kuma ba ya daɗewa shi kaɗai. A cikin cibiya niyutiron yana iya zama har abada, amma in ya fito fili, cikin kimanin minti goma sha biyar yake rushewa ya zama furoton da ilektiron da wani abu na uku. Wannan na ukun ya fi shi iya ɓuya.

Labarinsa ma daga giɓin lissafi ya fara. Wasu cibiyoyi suna tofar da ilektiron, kuma bisa ƙa'ida ya kamata kowane ilektiron ya fito da makamashi daidai wa daida. Chadwick ɗin nan ne, yana ɗalibi a Jamus a 1914, ya nuna cewa ba haka abin yake ba: wani ya fito da mai yawa, wani da kaɗan, saura kuma ya yi ɓatan dabo. Abin ya kai Niels Bohr, babba a fagen, ya yarda a yi watsi da dokar da ta ce makamashi ba ya ɓacewa. Wolfgang Pauli ya ƙi. Ranar 4 ga Disamban 1930 ya aika wa wani taron masana a Tübingen wasiƙa, ya ce wataƙila akwai wata ƙwaya marar caji, mai ɗan nauyi ƙwarai, da ke sulalewa da ragowar. Shi kansa bai halarci taron ba, ya ce akwai wani bikin rawa a Zurich da ba zai iya bari ba. Daga baya Fermi ya yaɗa mata suna da Italiyanci, niyutirino, wato ɗan ƙaramin ba-ruwanmu.

Niyutiron aƙalla yana jin ƙarfin da ke ɗaure cibiya, shi ya sa yake karo da ita. Niyutirino ko wannan ba ya ji. Rana tana aiko da kimanin biliyan 65 a kowace daƙiƙa ta kowane fili mai faɗin farcen yatsa, su ratsa ka su wuce. Da dare ma ba sa fasawa, sai dai su ratso duniya gaba ɗayanta su fito ta ƙarƙashin gadonka. Shekara ashirin da shida aka yi kafin a kama shi. A 1956 Frederick Reines da Clyde Cowan suka ajiye tankunan ruwa a gefen wata babbar tukunyar nukiliya a Savannah River, a Amurka, inda ake samun su ba adadi. Jefi-jefi ɗaya yakan doki furoton a cikin ruwan, sai a ga walƙiya biyu a jere, ta biyun kuwa daga wani niyutiron ne da karon ya haifa, wanda sinadarin kadmiyam da suka zuba a ruwan ya haɗiye. Kusan sau uku a awa haka ke faruwa. Da wanda aka gano a 1932 aka kama wanda aka yi hasashe a 1930. Suka aika wa Pauli saƙon telegiram a watan Yuni. Reines ya karɓi Nobel a 1995. Cowan ya riga ya rasu tun 1974.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne Raymond Davis. Ya shiga ramin haƙar zinariya na Homestake a Amurka, kusan kilomita ɗaya da rabi a ƙarƙashin ƙasa, ya cika tanki da tan 615 na ruwan wankin kaya irin na masu wanki da inji, domin ya ƙirga niyutirinon rana. Abin da yake tsammani shi ne a ɗan lokaci zarra ɗaya ta kulorin ta rikiɗe ta zama agon, sai ya tace tankin ya ƙirga su ɗaya-ɗaya. Tun daga 1968 yake samun kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da lissafin John Bahcall ya ce ya kamata. Shekara talatin ana cewa ko tankin ne da matsala ko lissafin. Bai gyara adadinsa don ya faranta wa kowa ba, ya ci gaba da bayar da rahoton abin da ya ƙirga. Sai a 1998 a Jafan, da 2001 a Kanada, aka tabbatar cewa niyutirino, waɗanda iri uku ne, suna sauya kama a kan hanya, tankinsa kuwa iri ɗaya kawai yake gani. Shi da Bahcall duk suna da gaskiya. Ya karɓi Nobel a 2002 yana da shekara 88.

Minti goma sha biyar ɗin nan da na ambata ma akwai magana a kansa. Hanya biyu ake auna tsawon ran niyutiron. A ta farko ana tsare su a wani mazubi, bayan ɗan lokaci a ƙirga waɗanda suka rage, amsar takan fito kimanin daƙiƙa 878. A ta biyu ana sakin su a jere kamar ruwan famfo a ƙirga furoton da ke fitowa daga waɗanda suka rushe, amsar takan fito kimanin 888. Tazarar ta fi kuskuren da kowane ɓangare ya yarda awonsa zai iya yi, kuma kusan shekara ashirin ke nan ana sake awon. Wasu masana suna ganin wata na'ura ce ke da ɗan lahani da ba a gano ba tukuna. Wasu kaɗan suna tambaya ko wani kaso na niyutiron yana rushewa ne zuwa abin da ba ya barin furoton a baya, ba ya kuma tayar da ƙura.